Mun aro tsarin Amurka, amma mun baro birkinsa

A 1979 Najeriya ta ajiye tsarin firaminista da ta gada daga Ingila, ta ɗauki na shugaban ƙasa irin na Amurka, kuma Alhaji Shehu Shagari ne ya fara mulki a ƙarƙashinsa. Sai dai ba duk abin da ke cikin tsarin muka taho da shi ba.

Kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ya raba iko gida uku: majalisa mai yin doka, shugaban ƙasa mai zartarwa, da kotuna masu fassara doka. Majalisarsu na da sanatoci 100, biyu daga kowace jiha, da wakilai 435 da ake zaɓa duk bayan shekara biyu. Mu muna da sanatoci 109 da wakilai 360, ciki har da mai wakiltar Mashi da Dutsi.

Ƙarfin tsarin yana wajen kuɗi. Shugaban Amurka ba ya kashe ko sisi sai majalisa ta amince. A ƙarshen 2018, da majalisa ta ƙi ba Donald Trump kuɗin gina katanga a iyakar Meksiko, wani ɓangare na gwamnati ya tsaya cik har kwana 35.

Wannan birkin ne ya yi ƙaranci a wurinmu, musamman a ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. To, idan kuɗin Dutsi ya iso, wa zai tambayi ciyaman inda ya shiga? Aikin kansiloli ne. Amma a zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyyar APC ce ta lashe kujerun ciyaman 34 da na kansila 361 na Jihar Katsina baki ɗaya, kuma da wuya ɗan gida ya tsare ɗan gida da tambaya.

Ke nan nauyin ya dawo kan jama'a. Ya kamata mutanen kowace mazaɓa a Dutsi su san kansilansu, su nemi a karanta masu kasafin kuɗin shekara a fili, su ji nawa aka ware wa rijiyoyin burtsatse, ɗakunan shan magani da gyaran azuzuwa. Ita kuma majalisar ƙaramar hukumar ta riƙa liƙa kasafin a sakatariya, inda kowa zai gani.