Bikin Kirsimeti: A Riƙe Zumunci, A Tsare Rumbu

Kamar yadda aka saba kowace shekara, ran 25 da 26 ga watan Disamba ranakun hutu ne a duk faɗin Nijeriya saboda bikin Kirsimeti, watau tunawa da haihuwar Annabi Isa Almasihu. A wannan lokaci ma'aikatan gwamnati da ɗalibai da yawa sukan bar Kaduna da Zariya da Kano su nufi ƙauyukan iyayensu. Daga cikin wuraren da sukan nufa har da ƙauyukan ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, tun daga wajen Taba har zuwa iyaka da Jihar Kano.

Mutane da yawa, har da masu ilmi, suna zaton Kirsimeti bikin baƙi ne a ƙasar Hausa. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A shekarar 1905 Dokta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya. A 1913 waɗansu daga cikin jama'ar da ake kira Isawa suka same shi, daga bisani aka zaunar da su a Gimi ta ƙasar Makarfi, inda ciwon barci ya hallaka da yawa daga cikinsu. A 1929 mishan ta koma Wusasa, inda aka gina majami'a da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Daga baya Maguzawa da dama na wannan yanki suka shiga addinin Kirista. Saboda haka masu wannan biki 'yan ƙasa ne, Hausa ce harshensu na gado, kuma gonakinsu suna iyaka da na 'yan'uwansu Musulmi.

Wannan ne ya sa shirin Kirsimeti a waɗannan ƙauyuka bai bambanta ƙwarai da shirin Salla ba. Maza sukan yi wa katanga sabon yaɓe, su sake danga da sabon kara tun da an gama girbin dawa. Mata sukan shafe ɗakuna da farar ƙasa, su gyara daɓe, su wanke kwanonin jere. Matasa sukan ƙawata majami'a da ganyaye da takardu masu launi. Magidanta sukan haɗa kuɗi su yi watandar sa, Zumuntar Mata kuma ta fito da anko da waƙoƙinta. In gari ya waye, an sauko daga sujada, sai a ga yara cikin sababbin tufafi ɗauke da kwanonin shinkafa da waina, suna kai wa maƙwabta gida gida, ba tare da tambayar addinin mai gidan ba. Ran Salla kuwa kwanon ya dawo cike.

Wannan al'ada ta kai abinci ita ce abu na farko da ya wajaba a tsare. Duk wanda ya tuna da rikicin watan Maris na 1987, wanda ya faro daga Kafanchan ya bazu zuwa Zariya da Funtuwa da waɗansu garuruwa, ya san yadda wutar gaba take saurin cin gari in mutane sun daina shiga gidajen juna. Wanda ya ci tuwon maƙwabcinsa jiya, da wuya a zuga shi ya ƙone masa ɗaki yau. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. Abin baƙin ciki shi ne a wurare da dama wannan kwano ya fara tsayawa, galibi kuwa ra'ayin daina shi daga birni yake zuwa, a bakin waɗanda ake ganin sun yi karatu. Wajibi ne ma'aikaci ko ɗalibin da ya je gida hutu ya zama mai ƙarfafa abin da ya tarar, limamai da fastoci da masu unguwanni kuma su tsaya masa.

Abu na biyu shi ne rumbu. Kirsimeti tana zuwa ne a ƙarshen kaka, lokacin da masara da dawa suka cika kasuwa, farashinsu kuma ya faɗi. Manomin da ya kwashe hatsinsa ya sayar da araha domin ya yi ɗinki na gasa, ko ya yanka abin da ya fi ƙarfinsa, shi ne zai koma kasuwa da tsakar damina ya sayi irin wannan hatsi da tsada, ko kuwa ya ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba. Daɗin daɗawa, ana gama biki makarantu suke buɗewa cikin watan Janairu, ga kuɗin littattafai da na makaranta suna jira. Mutanen wannan yanki suna da rake da mazarƙwaila da tumatir da barkono na noman rani, waɗanda za su iya ɗaukar nauyin biki ba tare da an taɓa abincin gida ba. Mai albashi kuma da yake zuwa da itacen roba da fitilun kanti, ya tuna cewa ƙaninsa manomi zai so ya kwaikwaye shi, alhali kuwa ba shi da albashi. Farar ƙasa da tsabtar gida sun isa ado. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abu na uku shi ne tsaron rai. Lokacin hunturu ne, iska tana kaɗawa, jinka da kara duk sun bushe. Kyandir ɗaya da aka manta, ko wasan wuta na yara, ya isa ya cinye gida da rumbunsa cikin ɗan lokaci kaɗan. Haka kuma hanyar Zariya zuwa Kano da rassanta takan cika da motoci da babura. Ya kamata Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta sa ido a kan lodin da ya wuce kima da tuƙi cikin maye, ƙananan hukumomin nan uku kuma su gargaɗi jama'a a kasuwanni tun kafin ranar ta zo.

Bikin Magaji ba ya hana na Magajiya. Ana taya Kiristocin Ikara da Makarfi da Kudan da na sauran ƙasa murna, tare da fatan a yi biki lafiya, kwano ya ci gaba da ƙetare danga, rumbu kuma ya kai iyali har sabon hatsi.