Maɓallin da yaranmu ke kira "na matsorata"

Samarinmu sun samu sabon karatu a waya, kuma sun haddace shi fiye da jadawalin lissafi. Wai duk direban da ya isa direba, abu na farko da yake yi idan ya shiga mota shi ne ya danna maɓallin nan mai hoton mota tana zamewa, ya kashe shi. Na ji wannan magana a bakin ƴan aji na waɗanda ko keke ba su mallaka ba. Na kuma ga inda take kaiwa: a rakiyar amarya, inda ake juya mota a tsakiyar jama'a, ƙura ta tashi, mata na guɗa, iyaye na dariya.

Bari mu fara da abin da ake kashewa. Turawa na kiran sa ESP ko ESC. Kamfanin Bosch da Mercedes ne suka fito da shi a 1995. A kowace taya akwai na'urar da ke auna gudunta, wata tana lura da inda direba ya murɗa sitiyari, wata kuma tana lura da inda motar ta nufa a zahiri. Idan biyun suka saɓa, wato direba na son hagu mota na zamewa dama, sai kwamfutar ta rage ƙarfin inji, ta taka wa taya ɗaya tak birki don motar ta miƙe. Ku lura da wannan, malamai: taya ɗaya. Direba yana da abin taka birki guda ne ga tayoyi huɗu. Ko shi ne sarkin direbobin Maraɗi, ƙafarsa ba za ta iya zaɓen taya ɗaya ta riƙe ba. To ina maganar gwaninta ta shigo? A 1997 wata ƙaramar Mercedes sabuwa fil ta kife a hannun ƴan jaridar da ke gwada ta a Suwidin, kamfanin ya ji kunya ya sa wa samfurin duka wannan na'ura. Amurka ta wajabta ta ga sabbin motoci tun samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014. Shi ya sa da yawa daga motocin da ke iso mana daga Turai suke ɗauke da ita.

Yaran za su ce, ai masu tsere suna kashewa. Gaskiya ne, kuma suna da dalili. Mai tsere yana son bayan mota ya ɗan zame a kwana, ita kuwa na'urar sai ta datse masa wuta daidai lokacin da yake son ficewa. A gasar Formula 1 ma an hana na'urar hana taya sulɓi tun 2008, don a ga hannun direba. Amma a ina ake wannan? A fili killatacce, kowa na tafiya gefe guda, direba da hular kwano, an jera tayoyi da tsakuwa a bakin kwana don su tare wanda ya kauce, motar asibiti na tsaye tana jira. Wanda ya yi kuskure a can, ƙarfensa ya lalata. Wanda ya yi kuskure a hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ko a kwanar shiga gari ran kasuwa, me zai tare shi? Amalanken shanu, mai tallan fura, da yaran da na sallama ƙarfe goma sha biyu suna tafe a gefen hanya da littattafai a ka. Su ne tsakuwarmu, su ne tayoyin da muka jera.

Akwai lokacin da maɓallin ke da amfani a nan. Idan mota ta kafe a yashi ko a taɓon bakin Gulbi da damina, kashe shi na barin taya ta juya har ta fita. Da an fita sai a maida. Motoci da yawa ma da kansu suke maida shi idan aka sake tada inji.

Fushina bai tsaya kan yaran ba. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai bai sayi mota ba. Wani ya miƙa masa makulli. Wani ya ga fitilar gargaɗi ta kunnu a gabansa, ya je gareji, maimakon a canza na'urar tayar da ta mutu, sai ya yarda aka cire ƙwan fitilar ko aka liƙe ta, ya ce an gyara. Haka muke yi wa babur: a cire madubi saboda wai na tsofaffi ne, a saki birkin gaba, a ba yaro ya tafi. Sannan in abin ya faru mu taru a zaure mu ce ƙaddara ce, kamar ba mu ne muka tafa ba ranar da ya juya motar a gidan biki.

Saudiyya ta sha fama da irin wannan wasa, har a 2016 ta sa tarar riyal 20,000 a karon farko, tare da tsare motar. Mu ba sai mun jira jandarma ba. Uban ango na iya cewa babu wasan mota a rakiyar ɗansa, kuma wanda ya yi ba zai ci tuwon ba. Mai mota na iya leƙawa gaban direba ya ga ko fitilar nan mai ruwan ɗorawa na kunne kafin ya ba da aro. Mu kuma malamai, minti goma sun isa mu zana tayoyi huɗu a allo, mu tambayi aji wace ƙafa ce za ta taka wa ta baya ta hagu birki ita kaɗai.