Wanda ya kashe yana da kabari, wanda aka kashe fa?

Yau tambaya ce muka zo da ita.

A Maijirgi, kusa da Tasawa, kaburburan Voulet da Chanoine na nan. Su ne hafsoshin Faransa da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙona garuruwa, suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi, suka yaƙi Sarauniya a Lugu. Sojojinsu ne suka bindige su a watan Yuli, ragowar rundunar kuma ta kara da Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini kafin ta shigo Zinder. Da Faransawa suka gina barikinsu a nan, sai suka sa masa sunan Cazemajou, kaftin ɗinsu da aka kashe a garin nan a 1898.

Kun gani, su ba su manta da nasu ba. To, wa zai iya lissafo mana mutum goma da suka kwanta dama a Tirmini? Mu da muka yi lakwal, mun haddace ranakun juyin juya halin Faransa, amma wannan ba mu iya ba.

A Jamus, bayan wani mai ƙyamar baƙi ya harbe mutum tara a Hanau a 2020, abin da iyalansu suka dage a kai shi ne a riƙa kiran sunayensu. Can dama akwai ƙananan duwatsu a ƙofar gidaje, ɗauke da sunayen waɗanda ƴan Nazi suka kwashe. Tsohon ciwo ne ya koya musu jinyar sabo.

A Oktoban 2024, a Yamai, dandalin Monteil ya koma na Thomas Sankara. Madalla. Amma sauya allo aikin yini guda ne, kuma har yanzu sunayen manya ne kawai. Talakan da aka jefa gawarsa a rijiya fa?

Shawararmu: ɗaliban jami'ar Zinder su ɗauki waya su shiga ƙauyuka, su zauna da tsofaffi da maroka, su tattaro sunaye, a kafa allo a Tirmini. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu haɗa da waɗanda sarakunanmu suka kama aka sayar bayi ta hamada. Su ma ƴaƴan wasu ne.

Idan kakanku ya taɓa ba ku suna ko guda, ku aiko mana, za mu karanta shi a rediyo. Allah Ya jiƙan magabata.