Sojojin ƙwarangwal na Ingila: kafin mu ƙwace wayar daga hannun yaro

Ƴan uwa iyaye da malamai, akwai wani irin bidiyo da ke yawo a YouTube da TikTok wanda duk yaron da ke riƙe waya zai iya cin karo da shi. Za ka ga hannun mutum riƙe da siririn buroshi, yana shafa fenti a jikin wani ɗan ƙwarangwal na roba da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ƙwarangwal ɗin na riƙe da takobi da garkuwa, a bayansa kuma ga irinsa talatin ko arba'in an jera su sahu-sahu. Uba ko uwa da suka leƙa suka ga wannan, abin da zai fara zo musu a rai shi ne tsafi, kuma ban ga laifinsu ba. Mu mutane ne masu girmama mamaci, ba mu saba ganin ƙashin ɗan Adam ya zama abin wasa ba.

Ra'ayina shi ne wannan abu wasa ne da aikin hannu, babu tsafi a cikinsa, kuma akwai darasi a ciki da makarantunmu ke da buƙata. Sai dai yana tafe da tambayoyi uku masu nauyi: ta addini, ta kuɗi, da ta irin labarin da yake cusa wa yaro. Gara mu san abin tukuna, sannan mu yanke hukunci.

Asalin wasan daga barikin soja ya fito. A shekarar 1824 wani hafsan ƙasar Furusiya mai suna Reisswitz ya gabatar da wasan yaƙi a kan taswira don horar da hafsoshi, bisa aikin da mahaifinsa ya fara. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin wasa da ƙananan sojojin dalma, mai suna Little Wars. Daga nan abin ya bar bariki ya shiga gidaje. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 kuma yanzu cibiyarsa ke garin Nottingham, shi ya fitar da Warhammer a 1983, inda aka haɗa dabarun yaƙi da halittun tatsuniya. Yau kamfanin ya yi girman da a ƙarshen 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. Ke nan masu wannan sha'awa ba yara kaɗai ba ne, akwai magidanta da yawa a ciki.

Yadda ake yi shi ne mutum biyu su jera rundunoninsu a kan babban tebur, wanda a al'ada tsawonsa ya kai kamar santimita 180, faɗinsa 120. Kowane soja yana da maki, kuma ana daidaita rundunonin biyu, misali maki 2000 kowane ɓangare. Ana auna tafiyar sojoji da abin awo, ana jefa ƴaƴan ludo masu fuska shida don sanin wanda sara ya samu. Cikin rundunonin akwai ta mutane, da ta dodanni, da ta matattun da labarin ya ce wani boka mai suna Nagash ya tayar. Matattun nan kashi biyu ne. Akwai masu shan jini da bayinsu, waɗanda aka ɗauko daga tatsuniyoyin Turai, akwai kuma sarakunan kaburbura na Khemri, waɗanda aka kwaikwayo daga tsohuwar Masar. An daina sayar da na biyun bayan da kamfanin ya sake fasalin wasan a 2015, sannan aka dawo da su a farkon 2024. Ƙwarangwal mai takobi kuwa ya daɗe a idon Turawa, tun fim ɗin Jason and the Argonauts na 1963, inda Ray Harryhausen ya motsa ƙwarangwal bakwai hoto bayan hoto.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin da ke gaban wasan. Sojojin ba a shirye suke zuwa ba. Suna zuwa ne gutsi-gutsi a jikin wani firam na roba mai launin toka: kai daban, hannu daban, garkuwa daban. Sai mai shi ya yanke kowane gutsi, ya kankare layin da injin ya bari, ya haɗa da gam. Bayan haka ya fesa fentin farko wanda zai riƙe sauran. Sai ya shafa launin ƙashi, ya bari ya bushe. Sai ya bi da wani tsinkakken fenti mai ruwan ƙasa wanda ke gangarawa cikin ramuka, tsakanin haƙarƙari da kogon ido, ya bar duhu a wurin. Daga ƙarshe ya ɗebi fenti mai haske, ya goge buroshin a tsumma har ya kusa bushewa, ya shafa sama-sama yadda tudun ƙashi kaɗai zai kama. Ƙarƙashin ƙafar sojan kuma a manna yashi ko ƙananan tsakuwa. Shi ya sa ake yawan ba sabon shiga shawarar ya fara da ƙwarangwal: launi biyu ko uku sun isa, kuma kuskure ba ya fitowa fili kamar a fuskar mutum. Amma soja ɗaya ba runduna ba ne. Sai ya maimaita wannan aiki sau ashirin, sau arba'in, a jikin abin da tsawonsa bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba. Ƙwararru kuwa har gasa suke yi, mai suna Golden Demon, tun 1987.

Duk malamin da ya tsaya gaban aji ya san abin da muke fama da shi. Yaro ya kasa zama minti goma a kan aiki ɗaya. Rubutunsa a kaye kamar tonon kaza, don hannun bai saba da aiki mai laushi ba. Wayar da ke aljihunsa ta koya masa cewa in abu bai burge shi cikin daƙiƙa biyar ba, ya ture ya wuce. To ga wani aiki da ba ya yiwuwa sai da jira: in ka shafa fenti na biyu kafin na farko ya bushe, ka ɓata duka. Yaron da ya gama sojoji ashirin ya ga da idonsa cewa na ashirin ya fi na farko kyau, kuma ya san dalili. Wannan darasi ne da muke ta faɗa da baki ba ya shiga.

Ga kuma lissafi. A ce sojoji 20 sun kai sara, kuma sara ba ya samu sai ɗan ludo ya nuna 4, 5 ko 6. Fuska uku cikin shida ke nan, wato rabi, don haka ana sa ran 10 su samu. In sai an sake jefawa da sharaɗi iri ɗaya kafin saran ya yi rauni, saura 5. Yaron da ke son ya ci wasa zai koyi rabin rabi da kansa, ya koyi tara maki har su cika 2000 ba su wuce ba, ya koyi awo, ya karanta littafin dokoki mai shafuka da yawa ba wanda ya tilasta shi. Kuma wasan ido da ido ake yin sa, wanda aka cinye ya miƙa hannu a gaisa. A Ingila makarantu da dama suna da ƙungiyar wannan wasa bayan an tashi, kamfanin ma yana ba su kayan farawa. Ba don Allah yake ba su ba, yana renon masu saye ne na gobe, amma malaman da suka karɓa sun ga abin da suke samu.

Yanzu ga tambayoyin. Ta farko ita ce ta addini, kuma ba zan raina ta ba. Sananne ne a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, cewa mutum-mutumi mai inuwa na abu mai rai, in gaɓoɓinsa sun cika, haramun ne. Malamai sun keɓe ƴar tsanar yara mata, bisa abin da aka ruwaito cewa Nana A'isha tana da irinsu. Sun kuma yi bayani a kan surar da ta rasa abin da rai ba ya zama sai da shi. Game da ƴaƴan ludo ma akwai hani da ya zo a kan wasan nardu, kuma malamai sun yi magana a kan iyakarsa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da nake roƙo shi ne uban da zai je wurin malami ya kai tambayar daidai: ƙananan surori ne na roba, ana wasa da su, ba a bauta musu, ba a sa kuɗi a wasan. In ya je ya ce ɗansa ya shiga tsafi, amsar da zai samu ta wata tambaya ce daban. In malami ya ce a bari, sai a bari, kuma a gaya wa yaron hujjar. Yaron da aka hana da hujja yana riƙe ta. Wanda aka hana da tsawa kuwa ɓoyewa zai koya. Amurkawa sun taɓa shiga irin wannan firgici a shekarun 1980 kan wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, har aka kai ƙara kotu, kotu ta kore ta.

Ta biyu ita ce kuɗi, kuma a nan ne na fi tsayawa da ƙarfi. Kwalin ƙwarangwal ashirin na wannan kamfani ya haura euro 30, wato wajen jikka 20 na sefa, kafin kuɗin kawowa da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jikka 42 ne. Kwali ɗaya kuma ba ya yin runduna, ga fenti, ga gam, ga buroshi, ga littafin dokoki da ake sabuntawa bayan ƴan shekaru. An gina kasuwar ne yadda mai saye ba zai taɓa cewa ya gama ba, har su kansu masu sha'awar suna yi wa juna ba'a kan tarin kwalayen da suka saya ba su taɓa ba. Ban ga dalilin da zai sa magidanci a Maradi ko Tawa ya zuba kuɗin buhun hatsi a wannan rami ba, kuma yana da kyau yaro ya ji wannan lissafi daga bakin ubansa, da lambobi.

Ta uku ita ce labarin. Duniyar Warhammer duniya ce ta yaƙi marar ƙarewa, kuma wasu surorin, musamman ruɓaɓɓun gawarwaki, ba su dace da ɗan firamare ba. Akwai kuma abin da malamin tarihi zai iya tattaunawa da ƴan kwaleji. Masar ƙasar Afirka ce mai rubutu da gine-gine da ilimin lissafi, amma a wannan wasa abin da aka ɗauko daga gare ta shi ne kabari da gawa mai naɗi. Me ya sa? Wa ya zaɓi haka? Yaron da ya iya yin wannan tambaya ya fi wanda aka rufe wa ido tsira.

To me za mu ɗauka? A ganina mu ɗauki aikin, mu bar musu kwalin. Yaranmu ba baƙin wannan fage ba ne. Wanda ya tashi a karkara ya san shanun laka da ake ginawa a bakin tafki, da motar kara, da motar gwangwani da waya. Dara kuma wasan dabara ne da dattawa ke zama a kansa tun kafin a haifi Warhammer. Abin da ya ɓace shi ne mun daina ɗaukar waɗannan a matsayin ilimi. A jadawalin firamare akwai lokacin ayyukan hannu, wanda a wurare da yawa ya koma shara da ɗibar ruwa. Malami zai iya karɓo wannan lokaci. Yumɓu yana nan, kuma garuruwa irin su Mirya da Bubon sun shahara da ginin tukwane. Kwali da kara da yashi ba a sayen su. Aji guda zai iya gina ganuwar Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun da ƙofofinta, a auna, a rage girma bisa ƙa'ida, a yi fenti da irin dabarar da na bayyana, duhu a rami, haske a tudu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da surar mutum ko doki ba, sai a wakilta runduna da tuta ko da ƴan katako masu launi, kamar yadda hafsoshin Furusiya suka yi tun farko. In ana gudun ɗan ludo, a rubuta lambobi a takardu a riƙa ja. Yara su rubuta dokokin da kansu, da Hausa ko da Faransanci, su gwada, su gyara. A darasi ɗaya an taɓa tarihi, lissafi, rubutu da zane. Wuƙa da gam dai su kasance a hannun babba.

Ga iyaye kuma, in kun tarar da yaro yana kallon mai fentin ƙwarangwal, ku zauna ku kalla tare da shi na minti biyar, ku tambaye shi me ya burge shi. In ya ce yadda ƙashin ya fito kamar na gaske, to kuna da yaro mai ido da sha'awar aikin hannu, kuma irinsa ne ke zama masassaƙi, maƙerin azurfa, mai zanen gini ko likitan haƙori. Ku nemo masa buroshi da fenti na ƴan dala, ku ba shi abin da zai shafa wanda kuka yarda da shi. In kuwa jini da gawa ne ke jan sa, wannan wata magana ce da ke buƙatar zama, kuma ba za ku gane ta ba in kun riga kun ƙwace wayar kun rufe bakinsa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba malamanmu haƙurin koyarwa.