Jirgin Kara Ba Wasan Yara Ba Ne

Duk wanda ya tashi a Daura, ko Sandamu, ko Mai'aduwa, ya san motar kara. Da an gama girbin dawa sai ka ga yara sun tsuguna a inuwa suna feƙe kara, suna soka tsinke cikin totuwa, kafin la'asar sun fito da babbar mota har da ƙafafunta. Manya su wuce su ce wasan yara ne. Mu kuwa a ganinmu, hannun da ya iya wannan zai iya ƙera ƙaramin jirgin sama mai tashi, wanda ake sarrafawa daga ƙasa da rediyo, kuma ya kamata makarantunmu su ɗauki abin da muhimmanci.

Tarihi yana bayanmu. A 1878 mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu wani abin wasa mai farfela da roba ke juyawa. Suka girma suna gyaran kekuna a Amurka, har a 1903 suka tashi jirginsu mai inji, wanda a karon farko daƙiƙa 12 kacal ya yi a sama. Shekara 22 bayan haka, a 1925, jiragen sama suka fara sauka a Kano. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, a 2018 kuma sojojin sama suka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi a Kaduna, mai suna Tsaigumi. Nan Daura ma an aza harsashin Jami'ar Sufuri a 2019. To, wa zai cika waɗannan makarantu in yaranmu ba su taɓa ƙera kome da hannunsu ba?

Da an kawo wannan magana sai a ce ba kuɗi. Mu muna ganin ba rashin kuɗi ke kayar da ɗan koyo ba, gaggawa ce. Sai ya tara ɗan abin da ya samu ya sayi inji da batir, ya ɗaura wa jirgin da bai taɓa gwadawa ba, tashin farko ya rotse, shi ke nan zuciya ta mutu. Hausawa na cewa da rarrafe yaro kan tashi. Jirgin farko kada a sa masa inji sam. A nemi busasshen kara miƙaƙƙe a yi gangar jiki, a yanka fiffike daga farin abin nan marar nauyi da ake kare talabijin da shi cikin kwali, a ɗan ɗaga bakin fikafikan sama don jirgin ya riƙa daidaita kansa. Fiffiken kuma da roba za a ɗaure shi, ba da gam ba, domin in jirgin ya faɗi ya zame maimakon ya karye.

Babban sirrin yana wajen daidaita nauyi. A ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗinsa daga gaba. In ya tsaya daidai, a jefa shi a hankali yana fuskantar iska. In ya kifa ƙasa, goshi ya yi nauyi. In ya ɗaga kai ya tsaya cik sannan ya faɗo, wutsiya ce ta yi nauyi, sai a manna ƙusa ko ɗan yumɓu a goshi. Ɗalibin da ya yi mako biyu yana wannan gwaji ya fahimci darasin Fiziks fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa kawai.

Sai jirgi ya iya lilo ya sauka lafiya sannan a zo maganar saye. Abubuwan da ba a iya yi a gida su ne na'urar hannu mai aika saƙo, da mai karɓarsa a cikin jirgi, da ƙananan injina biyu masu motsa wutsiya, da injin farfela da abin daidaita gudunsa, sai batir. Abu uku ya ishi ɗan koyo ya sarrafa: gudu, hawa da sauka, da juyawa. Na'urar hannu tana cikin mafi tsada, amma ita ba ta faɗowa daga sama, don haka guda ɗaya ta ishi ƙungiya duka shekara da shekaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya gagari ɗalibi ɗaya ba zai gagari ashirin ba.

Akwai kuma masu tsoro saboda halin tsaro, kuma suna da hujja. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta ce kada a tashi jirgi marar matuƙi ba tare da izini ba. Wannan ma dalili ne na a yi abin a makaranta, ƙarƙashin malami, da sanin hukuma, a filin ƙwallo, nesa da bariki da kasuwa da wayoyin lantarki. A tashi da sassafe kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi, kada kuma a bar batir yana caji ba mai kula, don irinsa kan kama wuta.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu na ƙasar Daura, daga Zango har Ɓaure, su ba da ɗaki ɗaya da malami ɗaya da yammacin rana ɗaya a mako. Tsofaffin ɗalibai su sayi na'urar hannu. Mu ɗalibai, maza da mata, kara da reza da haƙuri suna wuyanmu, kuma zangon karatu mai zuwa ya kamata mu fara.