Manhajojin tonon waya: Wa ke sa ido a kan masu bincike?

Wayar salula ta zama babbar shaida a shari'o'in zamba da garkuwa da mutane. Domin tatso abin da ke cikinta, masu bincike na dogaro da kayan aiki irin su UFED na kamfanin Cellebrite na Isra'ila, da FTK, da kuma Autopsy wadda kyauta ake samun ta. Aikinsu shi ne kwafe abin da ke cikin waya ko kwamfuta, su zaƙulo saƙonni da hotuna, wani lokaci har waɗanda aka goge, sannan su fitar da wata lamba ta musamman da za ta tabbatar wa kotu cewa ba a sauya komai a kwafin ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotunan Najeriya damar karɓar irin wannan hujja.

Sai dai manhajar ba ta bambanta wayar ɗan damfara da ta ɗan jarida. A Disambar 2024, ƙungiyar Amnesty International ta bayyana yadda hukumomin tsaron Sabiya suka buɗe wayoyin wani ɗan jarida da 'yan fafutuka da kayan Cellebrite, suka dasa musu manhajar leƙen asiri mai suna NoviSpy. Sai a Fabrairun 2025, bayan asiri ya tonu, kamfanin ya dakatar da hulɗa da hukumomin da abin ya shafa.

Najeriya ma ta ɗanɗana. A Janairun 2019, sojoji sun kai samame ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri kan wani rahoto game da yaƙi da Boko Haram, suka kwashe kwamfutoci. Kwamitin Kare 'Yan Jarida, CPJ, ya ruwaito cewa an yi wa na'urorin binciken ƙwaƙwaf don gano majiyoyin labarin.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin 'yan ƙasa, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tanadi neman izinin alƙali kafin bincike. Amma waya ɗaya na ɗauke da sirrin ɗaruruwan mutanen da ba a zargin su da komai. Saboda haka ya kamata kowane izini ya fayyace abin da za a duba da lokacin da za a goge sauran, Majalisar Tarayya kuma ta tilasta wa hukumomi bayyana kayan da suka saya da yawan wayoyin da suka buɗe. Idan majiyoyi suka daina amincewa da wayar ɗan jarida, labaran almundahana ne za su fara ɓacewa.