Raddi Ga Mai Cewa Akwatin Urushi Ne Ya Buɗe Kasuwar Japan

Wani malami ya tashi a gaban jama'a wajen wata lacca ya ce wai akwatuna da kabad masu baƙin sheƙi da zanen zinariya, waɗanda Japanawa ke shafewa da ƙaron itacen urushi, su ne suka jawo Turawa Japan, su ne kuma ginshiƙin cinikinta a ƙarni na 17. Hujjarsa kaɗai: gidajen tarihin Turai cike suke da su. Ya ƙara da cewa aikin tsantsar Japan ne, kuma Turawa sun riƙe shi da daraja.

Malam, kallon kitse ka yi wa rogo. Abin da ake gani a gidan tarihi shi ne abin da ba a narka ba. Turawan Fotugal, da suka fara sauka Tanegashima a 1543, alharinin Sin suke ɗaukowa daga Makau su kai Nagasaki, su koma da azurfar ma'adinai irin na Iwami. 'Yan Holan sun kafa shago a Hirado a 1609, aka mayar da su tsibirin Dejima a 1641, kuma azurfar nan dai suke bi. Da gwamnatin shogun, mai mulkin Japan, ta hana fitar da ita a 1668, sai suka raja'a kan jan ƙarfe, suna kai shi Indiya ana buga kuɗi da shi. To, wa zai sa sandar jan ƙarfe cikin gilashi ya ce a zo kallo? Ta narke, ta shiga aljihun mutane, akwati kuwa ya zauna a falon attajiri, sai ga malaminmu ya ƙirga akwatuna ya ce ya ƙirga ciniki.

Ai aikin ma ba ya karɓar gaggawar kasuwa. Itace guda ɗan ƙaro kaɗan yake bayarwa, kowane shafi sai an ajiye shi a wuri mai laima ya ƙafe kafin a ƙara wani. Tsada ta sa kamfanin Holan ya daina odarsa a 1693. Ginshiƙin ciniki ake watsarwa haka? Mafi kyawun akwatunan ma kayan kyauta ne da na alfarma, kamar ƙaramin akwatin da aka rubuta wa sunan Maria van Diemen, matar gwamnan kamfanin a Bataviya.

Batun tsantsa kuwa, akwati mai murfi kamar ƙusumbi da marikin littafi na limaman Jesuit fasalin Turai ne, masu sana'ar Kyoto suka yi wa mai oda abin da yake so.

Daraja? Kafintocin Paris a ƙarni na 18 yanka akwatunan suke yi su manna fallayen a jikin kayan ɗakinsu. Wani babban akwati da ake kira na Mazarin, wanda gidan tarihin Rijksmuseum ya saya kan Yuro miliyan 7.3 a 2013, a wani gida aka tsince shi a Faransa ana ajiye kwalaben giya a ciki.